BA KOWANE GAJEREN YARO KE DA TAMOWA BA

Yau filin namu zai yi magana ne a kan wasu yara waɗanda yawansu bai kai a kira musu taro ko a kafa musu allo a bakin hanya ba, amma suna nan cikin gidajenmu, a birnin Yamai da sauran jihohin ƙasa. Su ne yaran da aka haifa da wata naƙasa a tsakiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta taɓa wata ƴar tsoka mai sarrafa girman jiki. Ra'ayinmu shi ne, da yawa daga cikin waɗannan yara suna ɓacewa cikin taron masu tamowa da masu zazzaɓin cizon sauro, har su naƙasa ko su rasu ba tare da an san abin da ya same su ba, alhali kuwa abin da za a fara gane su da shi bai fi ƙarfin ƙaramin gidan likita na unguwa ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata yarinya ta unguwarmu. Shekararta shida, amma in ta tsaya cikin sa'o'inta sai ka ɗauka ƙanwar ɗaya daga cikinsu ce da aka bar musu raino. Ba ta da rama. Kumatunta cike suke, tana da ɗan tumbi, muryarta siririya kamar ta mai shekara uku. Tun tana jaririya idanunta suke rawa, ba su tsayawa a kan abu guda. Kakarta ta ce gajarta gado ce, don kakan yarinyar ma ba dogo ba ne. Wasu maƙwabta kuma suka riƙa raɗa cewa ƴar ruwa ce, aljanu suka musanya ta. Duk lokacin da uwarta ta kai ta awo, sai a zagaya mata zaren awon dantse, zaren ya nuna kore, a ce lafiyarta lau. Haka aka yi ta yi har wata damina da zazzaɓi ya kama ta, gari ya waye aka tashe ta ta ƙi tashi. Wata malamar asibiti ta ɗiga jininta a kan ƴar takardar awon sukari, ta tarar sukarin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Bayan an farfaɗo da ita, likitan yara ya zauna da uwar ya yi mata tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mata: shawara ta daɗe a jikinta bayan haihuwa? Takan suma da sassafe? Yaushe ne rabon da a canza mata riga don ta yi mata kaɗan? Daga amsoshin nan ne aka tura ta hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini, aka gano tushen abin. Shekara shida aka yi kafin a yi waɗannan tambayoyi.

ƳAR TSOKA MAI BABBAN AIKI

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowane mutum, can bayan karan hanci, akwai wata ƴar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, tana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi. Likitoci suna kiranta ipofiz. Aikinta shi ne zuba wasu sinadarai cikin jini, waɗanda ake kira hormon, watau saƙonnin da ke gaya wa sassan jiki abin da za su yi. Ɗaya daga cikinsu shi ke sa ƙashi ya miƙe yaro ya yi tsawo, shi ke kuma taimaka wa jariri ya riƙe sukarin jininsa. Wani yana umartar tsokar maƙogwaro da ake kira tiroyid, wadda in ta kasa aiki a farkon rayuwa basirar yaro takan dushe. Wani kuma yana umartar ƴan tsokokin da ke bisa ƙoda su fitar da kortizol, sinadarin da jiki ke dogara da shi ranar zazzaɓi, ko gudawa, ko rauni, ko aikin tiyata. Akwai masu kawo balaga. Akwai kuma wanda ke hana ƙoda zubar da ruwan jiki gaba ɗaya cikin fitsari.

Ita wannan tsoka tana ginuwa ne tun cikin makonnin farko na ciki, sa'ad da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Wani ɓangarenta yana tasowa daga rufin bakin ɗan tayi, wani yana saukowa daga ƙwaƙwalwa, su haɗu a tsakiya. A daidai wannan wuri, a daidai wannan lokaci, jijiyoyin gani suke shimfiɗuwa, bangon da ke raba sassan ƙwaƙwalwa biyu yake tashi, tsakiyar fuska kuma take haɗewa. Saboda haka in ginin ya sami tangarɗa, sau da yawa abubuwan nan tare suke taɓuwa. Wannan ne dalilin da ya sa rawar ido, ko tsagewar leɓe da ganɗa, suke iya zama manuniya ga abin da ke ɓoye a cikin kai.

Wani likita ɗan ƙasar Suwis, Georges de Morsier, shi ya bayyana a 1956 haɗuwar ƙanƙancewar jijiyar gani da rashin wani siririn bango na tsakiyar ƙwaƙwalwa, har ciwon ya ɗauki sunansa. A 1970 likitoci a Amurka, William Hoyt da abokan aikinsa, suka nuna cewa irin waɗannan yara sukan rasa sinadarin girma. Ƙididdigar ƙasashen Turai ta nuna ana samun ciwon a wajen haihuwa 1 cikin 10,000, kuma an lura ya fi yawa ga ƴaƴan fari na mata masu ƙarancin shekaru. A mafi yawan yaran ba a gano takamaiman sanadi. Kaɗan ne ake samun canji a ƙwayoyin gado. Don haka babu dalilin ɗora wa uwa laifi. Amma a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata suna yin aure kafin su cika shekara 18, bai kamata mu ɗauka ciwon na Turawa ne ba. Ana haihuwar jarirai fiye da miliyan guda kowace shekara a Nijar. In muka ɗauki lissafin Turai kawai muka ɗora a kan wannan adadi, yara wajen 100 ke nan a shekara daga wannan ciwo shi kaɗai, ban da sauran ire-irensa.

ME YA SA BA MU GANINSU

Dalili na farko shi ne yawan gajerun yara. Binciken abinci mai gina jiki na ƙasa na 2022 ya nuna kashi 47 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Inda kusan rabin yara gajeru ne, wa zai tsaya ya ce gajartar wannan dabam take? Ido ya saba, likita ya saba, kuma a mafi yawan lokuta gaskiya ne ƙarancin abinci da yawan ciwo ne sanadi.

Dalili na biyu yana cikin kayan aikinmu. Tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a jihar Maraɗi, ƙasarmu ta ƙware a yaƙi da wannan cuta. Abincin nan na gyaɗa, Plumpy'Nut, har an shiga sarrafa shi a nan Yamai. An koya wa ma'aikata da iyaye mata yadda ake awon dantse da zare mai launi uku, wanda ke nuna ja in kaurin bai kai milimita 115 ba. Wannan aiki ya ceci rayuka masu yawa, ba mai musun haka. Sai dai zaren rama yake nema. Yaron da ya rasa sinadarin girma kuwa gajere ne mai ƙiba, don haka kullum zaren zai wanke shi. Abin da zai tona asirin ciwonsa shi ne katakon awon tsawo, da kuma a rubuta awon a kwatanta shi da na bara.

Lissafin ba shi da wuya. Jariri yakan zo duniya da tsawon santimita 50 ko kusa da haka. Cikin shekarar farko yakan ƙara wajen 25, cikin ta biyu wajen 12, daga nan har zuwa balaga yakan ƙara 5 zuwa 7 a kowace shekara. Yaron da ke cin abinci sosai, ba ya rama, amma bai ƙara santimita 4 a shekara ba, ya cancanci a bincike shi. Kada kuma a ce mu haka jinsinmu yake. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne a kan yaran ƙasashe shida, Gana da Indiya da Oman da Barazil da Norwe da Amurka, kuma ya nuna cewa ƙananan yara in sun sami nono da abinci da kulawa kusan girma ɗaya suke yi ko ina aka haife su.

Dalili na uku shi ne mafi ban tsoro. Gajarta ba ta kisa, amma rashin kortizol yana kisa. Yaron da ba shi da shi zai iya zama lafiya lau watanni, ranar da zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ta kama shi sai sukarinsa ya faɗi, jininsa ya sauka, ya yi jijjiga, ya suma. A tsakiyar damina, cikin ɗakin da gado ɗaya ke ɗauke da yara biyu, wannan mutuwa za a rubuta ta ne da sunan zazzaɓi, ba wanda zai sake waiwayarta. Haka nan yaron da ƙodarsa ba ta riƙe ruwa: yana fitsari ba iyaka, yana neman ruwa dare da rana, in bai iya magana ba sai kuka. Ku tuna da zafin Yamai na watan Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura 40. Yini guda ba isasshen ruwa ya isa ya kai irin wannan yaro bakin kabari.

ALAMOMIN DA YA KAMATA A SANI

Ga ungozoma da uwa, alamomin farko su ne: jariri ya yi laushi ya ƙi kama nono, ko ya yi ta jijjiga cikin kwanakin farko, a auna a tarar sukarinsa ya yi ƙasa ba sau ɗaya ba, shawara ta wuce mako biyu ba ta washe ba, ɗa namiji a haife shi da al'aura ƙarama ƙwarai ko ƴaƴan maraina ba su sauko ba, ido ya riƙa rawa, ko jariri ya kai wata uku ba ya bin fuskar uwarsa da kallo, leɓe ko ganɗa a tsage. In yaro ya tasa, sai a lura da tsayawar girma, da ƙishirwa mai yawa, da suma da sassafe kafin karin kumallo, wani lokaci ma da haƙorin gaba na sama guda ɗaya tak a tsakiya maimakon biyu. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Amma in biyu ko uku suka haɗu a jikin yaro guda, ya wajaba a tura shi wurin likitan yara, ko daga Tawa yake, ko Damagaram, ko Difa.

Bincike yana da matakai. Tun maɗigar jariri ba ta rufe ba ana iya leƙa ƙwaƙwalwarsa ta wurin da na'urar eko, irin wadda ake duba masu ciki da ita. Likitan ido yana iya ganin ƙanƙancewar jijiyar gani da fitilarsa. Gwajin jini yana nuna sinadaran da suka gaza. Hoton IRM shi ke nuna ipofiz ɗin kanta, shi kuwa sai manyan asibitoci, irin Babban Asibitin Koli na Yamai da aka buɗe a 2016.

Likitocinmu ba baƙin naƙasar ƙwaƙwalwa ba ne. A 2001 Farfesa Samuila Sanoussi, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Yamai, da abokan aikinsa sun wallafa bayanin yara 387 da suka gani cikin shekara goma masu naƙasar da ke fitowa kamar ƙari a gadon baya ko a kai, suka yi kira a riƙa ba mata sinadarin asid folik tun kafin su ɗauki ciki. Kiran nasu yana da tushe, domin babban gwajin da aka wallafa a Ingila a 1991 ya nuna wannan sinadari yana rage sake aukuwar irin wannan naƙasa da wajen kashi 70 cikin 100. Amma mu faɗi gaskiya: waccan naƙasa a fili take, kowa yana ganinta ranar haihuwa, kuma tana da rigakafi. Wadda muke magana a kanta yau a ɓoye take, ba a kuma tabbatar da wata ƙwaya da ke hana ta ba. Kariyarta ita ce a gane ta da wuri.

MAGANI YANA NAN

Naƙasar da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa, jijiyar gani da ta ƙanƙance ba ta dawowa. Amma duk sinadarin da ipofiz ta kasa samarwa ana iya maye gurbinsa. Ƙwayar idrokortizon tana tsayawa a madadin kortizol. Ƙwayar lebotiroksin tana yin aikin tiroyid, sau ɗaya a rana. Dukansu tsofaffin magunguna ne marasa tsada, suna cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. Su biyun nan su ke tsare rai da basira. Ga mai yawan fitsari akwai desmopiresin. Abin da iyaye za su riƙe shi ne, maganin na tsawon rai ne, ba a tsayar da shi don yaro ya ji sauƙi, kuma ranar zazzaɓi ana ƙara yawan idrokortizon bisa umarnin likita, in yaro yana amai kuwa sai allura ba tare da jinkiri ba.

Sinadarin girma shi ne mai wuyar samu. A 1958 aka fara yi wa yaro magani da shi a Amurka, ana ciro shi daga ipofiz ɗin mamata. A 1985 aka gano wasu da aka yi wa allurar sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa. A Faransa kaɗai fiye da mutum 100 suka mutu ta wannan hanya. A shekarar ce kuma aka fara sayar da wanda ake haɗawa a masana'anta, wanda ba shi da wannan haɗari. Allura ce ta ƙarƙashin fata, yawanci kowace rana, shekara da shekaru. Tana son firji, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ma'aikaci balle manomi. Tana amfani ne kawai kafin ƙashi ya rufe bayan balaga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A nan wajibi ne mu ja kunnen iyaye game da magungunan bakin hanya. Ƙwayoyin nan da ƴan talla ke sayarwa da sunan maganin ƙiba, irin su deksa, dangin kortizol ne masu ƙarfi. In aka daɗe ana ba yaro su, kumatunsa za su cika, amma girmansa zai tsaya, tsokokin da ke bisa ƙodarsa kuma su daina aiki. Watau mutum ya sayo wa ɗansa da kuɗinsa irin ciwon da muke gudu.

ABIN DA MUKE NEMA

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ciwon huhu ke kashe yara dubbai ba ta da sararin kula da ciwon da ke kama ɗaya cikin dubu goma. Maganar tana da nauyi, kuma da muna neman a gina sabon asibiti ne ko a sayo na'urar IRM ga kowace jiha, da mun yarda da su. Amma abin da muke nema kusan duka yana cikin aikin da aka riga ake yi.

Na farko, a riƙa auna tsawon yaro a wurin awo da rigakafi kamar yadda ake auna nauyinsa, a rubuta a cikin karnensa, a kuma duba layin. Wannan zai amfani dukan yara, har da miliyoyin da suka tsumbure don ƙarancin abinci. Na biyu, kada takardar awon sukari ta yanke a gidajen haihuwa da ɗakunan yara, tun daga Matarnite Issaka Gazoby har zuwa ƙaramar cibiyar ƙauye, domin faɗuwar sukari tana kashe mai zazzaɓi da mai tamowa kamar yadda take kashe mai ciwon ipofiz. Na uku, yaron da aka kwantar a cibiyar masu tamowa, aka ciyar da shi, nauyinsa ya dawo amma tsawonsa ya ƙi motsi, a tura shi gaba maimakon a sallame shi. Haka nan duk yaron da aka kawo ɗinkin leɓe, ko a asibitocin gwamnati ko a asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010, ko aka kawo shi wurin likitan ido don rawar ido, a auna tsawonsa a tambayi tarihinsa.

Na huɗu ya shafi hukuma. A 2006 gwamnati ta ɗauki matakin yi wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar magani kyauta. Amma ciwon ipofiz ba ya ƙarewa ranar da yaro ya cika biyar. Ya kamata a tabbatar da idrokortizon da lebotiroksin ba su yankewa a kantunan magani na jihohi, a kuma ba kowane yaro mai wannan ciwo ƴar takarda da zai riƙa yawo da ita, mai gaya wa duk ma'aikacin da ya karɓe shi abin da za a yi masa cikin gaggawa. Na biyar, Jami'ar Abdou Moumouni da makarantun koyon aikin jinya su ba wannan fanni muhimmanci, a kuma tura matasan likitocin yara su ƙware a kansa. A Nairobi an buɗe cibiyar horar da irin waɗannan ƙwararru tun 2008, daga baya aka buɗe wata a Legas. Ba lalle sai an tafi Turai ba.

Saura mu jama'a. Yaron da idonsa ke rawa, ko ya ƙi girma, ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma abin ɓoyewa a ƙuryar ɗaki ba ne. Da yawa daga cikinsu in sun sami magani da wuri suna zuwa makaranta, waɗanda ganinsu ya yi rauni kuma akwai makarantar makafi a nan Yamai. Uwa ita ce ta fi kowa sanin ɗanta. In ta ga shekara ta zagayo rigar sallar bara tana nan daidai jikinsa, ko ƙanensa ya kamo shi a tsawo, to ta faɗa wa likita, in ba a saurare ta ba ta sake faɗi. Maigida kuma ya ba da kuɗin mota, kada ya ce gado ne.

Yarinyar unguwarmu tana shan ƙwayoyinta biyu yanzu, suman safe ya daina, ta shiga makaranta tana zama a layin gaba saboda idonta. Allurar girma kuwa har yau iyayenta ba su sami halinta ba, shekaru kuma suna tafiya. Muna fata masu iko da ma'aikatan kiwon lafiya za su duba wannan magana, domin wanda za a haifa gobe da irin ciwonta a gane shi tun yana goye.